Wanda Ya Fasa Kaskon Deshan

Ranar da za a fita da gawar Dou Deshan, ba wanda ya kai ƙaninsa Degui rawar jiki. Shi ya ɗaura wa Huzi, yaron gidan, farin ƙyallen makoki a ka, shi ya miƙa masa kaskon da aka yi ta ƙona wa mamaci takarda a ciki, ya kama kafaɗarsa har gaban akwatin gawa.

"Ɗaga shi sama da kanka," ya ce. "Ka buga da ƙarfi. Sau ɗaya ake yi, ba a sakewa."

Yaron shekararsa goma sha ɗaya. Ya ɗaga, ya buga, kasko ya tarwatse. Masu algaita suka ɗauki busa, maza suka saɓi akwati. Suyun, matar mamacin, tana durƙushe cikin mata tana kuka, amma a ranta godiya take wa ƙanin mijinta. A Kwarin Dou wanda ya fasa kasko shi ne ɗan mamaci kuma magajin gidansa. Ga shi Degui da hannunsa ya tura yaron gaba, kowa yana kallo.

Degui ne ya haifi Huzi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. An haife shi lokacin da gwamnati ke cin tarar duk wanda ya haifi ɗa na biyu, shi kuwa Deshan da Suyun ba su taɓa samu ba. Sai aka yi walima, aka kawo jariri cikin bargo, Kaka na Uku, dattijon dangi, ya rubuta sunansa ƙarƙashin na Deshan a littafin zuri'a. Ba wanda ya je ofishin gunduma, don wa ke kai ɗan cikin gida gaban ma'aikaci? Da lokacin makaranta ya zo aka sa sunansa a rajistar gidan Degui, tunda shi ne a takardar haihuwa. Deshan ya yi dariya ya ce takarda ce kawai.

Ba a share tokar makoki ba Lirong, matar Degui, ta fara zuwa. Matar da a da sai shekara ta zagayo take taka gidan, yanzu kullum ga ta da kwanon burodin turara a rufe da tawul.

"Matar Yaya, ki daure ki ci. Kin rame kamar sandar wake."

Tana magana idonta yana yawo. Ya hau rufi, ya sauka kan tagogin gilas, ya bi bangon ɗakin yamma kamar mai awon yadi. Deshan ya ƙare ƙarfinsa a wurin gine-ginen birni kafin ya tayar da wannan gida na bulo a bakin kwalta. Su Degui kuwa suna can ƙarshen gari cikin tsohon gidan ƙasa, ga babban ɗansu Dajun da ake ta maganar aurensa, iyayen yarinya sun ce sai sun ga gida. Suyun ta san duk wannan. Ta ce wa kanta zargi ba kyau, ta karɓi burodi ta yi godiya.

Masara ce ta fara zuwa. Wai rufinsu ya yi kaɗan, a ɗan shanya a nata. Da ta bushe aka zuba a buhuna, buhuna suka shiga ɗakin yamma. Bayan buhuna sai ga babur ɗin Dajun, wai ruwa na dukansa a can. Wata safiya ta tashi ta ga sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin.

"Saboda ɓeraye," in ji Degui.

"Ɓerayen garinku makulli suke buɗewa?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce Matar Yaya ba ta rabo da barkwanci. Makulli dai bai ba ta ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne ranar da Huzi ya dawo makaranta ya jefar da jaka ya ce, "Mama, yunwa." Lirong tana zaune tana ɓarar tafarnuwa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kai, ka girma fa. Inna Babba za ka riƙa cewa. Haka yaran kirki ke yi."

Huzi ya dubi Suyun. Suyun ta ajiye ludayi.

"Tun da ya buɗe baki Mama yake ce mini. Yau ne ya zama rashin kirki?"

"Ni fa wasa nake. Ke kuma komai sai ki ɗauka da zafi."

Wasa, in ji ta. To daga ranar yaron ya daina kiran kowa da suna in Lirong tana gidan. Sai ya zo ya tsaya kusa da Suyun ya ja mata hannun riga.

Ana cikin haka makaranta ta aiko da takardar allurar rigakafi. Suyun ta sa hannu kamar yadda Deshan ya saba yi, sai ga takarda ta dawo. Malamin sabo ne, ya yi mata bayani cikin ladabi cewa sunan da ke rajista shi zai sa hannu. Degui ya zo da gudu ya sa, har da ba malami sigari, ya kuma bar masa lambar wayarsa. Daga nan duk saƙon makaranta can yake zuwa. Suyun sai ta ji a bakin maƙwabta cewa an yi taron iyaye.

Washegari ta saka rigarta ta fita, ta hau motar gunduma. A tagar masu ba da shawarar shari'a kyauta ta sami wata matashiyar lauya mai suna Pang, ta zayyana mata komai, har da walima da littafin zuri'a da kasko.

Lauya Pang ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Inna, zan faɗa miki gaskiya. Walima ba ta mayar da yaro naki a gaban doka. Sai an yi rajistar riƙo a ofishin gunduma. Da kun zo mijinki yana raye, da abu ne mai sauƙi, tunda ɗan ƙaninsa ne na jini."

"Yanzu fa?"

"Yanzu hanya ta ƙuntace, amma ba ta toshe ba. Uba da uwa su biyun su zo su sa hannu, su nuna ba su da halin riƙe shi. Shi ma yaron za a tambaye shi, don ya wuce shekara takwas, in bai yarda ba ba a yi. In wannan ta gagara, su rubuta miki takardar wakilci, ki riƙa tsaya masa a makaranta da asibiti. Sai dai ita duk ranar da suka ga dama suna iya janyewa."

"Kotu fa?"

"Kotu ba ta ƙwace yaro daga iyaye sai an nuna sun yasar da shi ko suna cutar da shi. Suna dukansa?"

"Burodi suke kawo masa," in ji Suyun.

Har ta miƙe, lauyar ta tsayar da ita. Ta tambaye ta ko iyayen Deshan suna raye, ta ce sun daɗe da rasuwa. Ta ce to gidan nata ne, ba na wanda ya fasa kasko ba, kuma kada ta yarda ta dangwala yatsa a kan kowace takarda. Suyun ta gyaɗa kai kawai. Ita ba gida ya kawo ta ba.

Ta sami Degui a bakin gonarsa. Ya saurare ta yana sosa ƙeya.

"Haba Matar Yaya, ƙasar kabarin Yaya ba ta bushe ba za mu shiga ofis? Bari a gama bakwai-bakwai, kwana arba'in da tara na makoki."

Aka gama. Ya ce a bari a shuka alkama. Aka shuka. Ya ce katin shaidar Lirong ya ɓata, sai an yi sabo. Da kati ya fito sai bayanta ya riƙe, ba ta iya zaman mota. Wata rana kuma ya ce shi fa kunya yake ji, ya je gaban ma'aikaci ya ce ba shi da halin ciyar da ɗansa, ina zai kai fuskarsa? Takardar wakilci kuwa ya ce wannan ai cin mutunci ne.

"Mu dangi ɗaya, tukunya ɗaya. Sai baƙi ke rubuta wa juna takarda."

Mutumin da ya sa wa ɗakinta kwaɗo ne ke wannan magana, kuma ko ƙifta ido bai yi ba.

Ta kai kuka wurin Kaka na Uku. Tsohon yana zaune a rana da kofin shayinsa, Degui kuma, abin mamaki, ya riga ta isowa. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, da hannunka ka rubuta sunan yaron nan ƙarƙashin Deshan."

"Na rubuta, ban musa ba."

"To ka gaya wa Degui ya sa hannu."

Degui ya gyara murya. "Kaka, zamani ya canza. Yanzu doka ake bi. A doka ni ne uban yaro, ba ni na tsara haka ba."

"To a doka gidan nawa ne," in ji Suyun. "Zo ka cire kwaɗonka."

Nan take fuskarsa ta sauya. "Ji wata magana. Wa ya fasa kasko? Duk gari an gani. Tun kakanninmu gida na wanda ya fasa kasko ne. Gidan Dou ne, ke kuwa sunan gidanku Qiao."

Sai a lokacin ta gane dalilin rawar jikin ranar jana'iza. In maganar yaro ce Degui mutumin doka ne, in maganar gida ce sai ya koma ɗan gargajiya. Ta dubi tsohon ko zai ce wani abu. Kaka na Uku ya hura shayinsa ya ce kowa yana da gaskiyarsa, a zauna lafiya, kada a ba wasu dangi abin dariya.

Ranar Asabar Lirong ta zo ta tafi da Huzi, wai ya kwana ɗaya wurin wansa. Lahadi bai dawo ba. Litinin Dajun ne ya kai shi makaranta a babur, shi ya ɗauko shi. Suyun ta je gidan, Lirong ta tare ƙofa da jikinta tana murmushi.

"Mura yake yi. Gidanki da sanyi, ga shi ke kaɗai, ga baƙin ciki. Ki huta mana, Matar Yaya. Mu ma ai ba za mu cinye shi ba."

Daga ciki ta ji tarin yaron. Ta san wannan tari, ta san in ba a dafa masa fiya da zuma ba ba ya kwanciya. Ta koma ta dafa ta kawo, Lirong ta karɓa a bakin ƙofa. Ko ya sha ko bai sha ba, oho.

Ta koma tsayuwa a ƙofar makaranta lokacin tashi. Huzi zai fito ya hango ta, fuskarsa ta buɗe, sai ya waiwaya ya ga babur ɗin Dajun, ya sunkuyar da kai. Rigar sanyinsa ta yi datti a wuya. Wata rana ta samu ta cusa masa dafaffen ƙwai a aljihu, ya riƙe yatsunta da ƙarfi. Ta daina dafa abinci sosai, don dafa wa mutum ɗaya ba ya shiga rai. Maƙwabta suka fara cewa matar Deshan ta soma taɓuwa, tana tsayawa a titi kamar mai jiran mota. Ba wanda ya ce uffan game da abin da ya tsayar da ita.

Kaka na Uku ne ya kawo sulhu, yana dogara sanda, Degui na biye da shi da takarda a ninke. Tsohon ya ce ya yi tunani mai tsawo. Shawararsa ita ce ta bar wa Degui gidan, tunda dai na Dou ne, shi kuma da Lirong su bi ta gunduma su sa hannu, yaro ya zama nata har a gaban gwamnati. Akwai ɗakin da ke jikin rumfar kayan lambu, ita da yaro ya ishe su.

Suyun ta dubi Degui. Bai taɓa saurin yarda da komai haka ba, kuma wannan ne ya dame ta.

"A fara zuwa gunduma," ta ce. "In an gama sai in dangwala."

"Wato ba ki yarda da ni ba."

"Ban yarda ba."

"To ni ma haka. In na sa hannu kika juya baya fa? In rasa ɗa, in rasa gidan Yayana?" Ya nuna tsohon. "Ga Kaka shaida. Ki dangwala yau, gobe da safe mu hau mota. In ban je ba, kada a rufe ni a maƙabartar Dou."

Ta tuna gargaɗin Lauya Pang sarai, ba mantawa ta yi ba. Zuciyarta ma tana gaya mata akwai wani abu a ƙasa. Amma ta juya maganar ta kowace fuska ba ta ga ramin ba. Ya yi rantsuwa a gaban dattijo, zai je, matarsa za ta je. Huzi kuwa ai ba sai an tambaya ba. Ta danna babban yatsanta cikin jan tawada ta ɗora a takarda.

Suka kuwa zo, har sun riga ta isa tasha. Lirong ta yi kwalliya, Degui ya biya kuɗin mota har da nata. Huzi yana tsakaninsu a kujerar baya, an yi masa aski, bai ɗago ya dube ta ba. Ta ce a ranta kunya yake ji.

A ofis ma'aikaciyar ta karɓi katunansu ta duba. Degui ya faɗi talaucinsa da baki mai daɗi, ba ko alamar kunyar nan da ya yi ta kuka da ita. Lirong har da share ido. Ma'aikaciyar ta ce kafin a ci gaba sai ta ji daga bakin yaro. Ta sunkuyo ta sassauta murya.

"Saurayi, ka san abin da ya kawo ku? Wannan matar tana so ka zama ɗanta a takarda. Ka yarda?"

Huzi ya ƙura wa takalminsa ido.

"Ban yarda ba."

Suyun ta ɗauka kunnenta ne. "Huzi, ni ce fa."

"Kada ki sa masa baki, Inna," in ji ma'aikaciyar. Ta fitar da manyan waje, ta sake tambayarsa shi kaɗai. Da ta buɗe ƙofa sai ta girgiza kai, ta mayar wa kowa katinsa.

Degui ya buɗe hannuwa. "Kin gani da idonki, Matar Yaya. Mun zo, mun cika alkawari. Yaro ne ya ƙi. Jini ba wasa ba ne."

Ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta tasha ba. Ta zauna a benci. Abin da ke cin ranta ba Degui ba ne, shi ta riga ta san shi. Tambayar kanta take me ta yi wa yaron, a ina ta kuskure, ko burodin Lirong ya fi nata ne. Degui ya tafi sayen tikiti, Lirong ta shiga bayan gida. Sai ta ji an ja mata hannun riga.

"Mama." Muryarsa ƙasa-ƙasa, yana waige. "Kar ki yi kuka. Baffa Degui ya ce in na ce na yarda, dangi za su kore ki daga gida kafin sanyi, don ke ba Dou ba ce. In na ce a'a, ba mai taɓa ki, za ki zauna a ɗakinki har ki tsufa. Ni zan iya jurewa a can. Ai na girma."

Ta dube shi. Ya ɗaga kai kamar wanda ya sauke babban kaya.

"Yaushe ya gaya maka?"

"Tun shekaranjiya. Na yi daidai ko, Mama?"

Tun shekaranjiya, kafin a kawo mata takarda. Ta ja hannunta na dama cikin riga, don jan tawadar bai gama fita daga yatsan ba. Ta gyara masa wuyan riga da hagu.

"Ka yi daidai," ta ce.

A satin nan Degui ya mayar da shi makarantar kwana a gunduma, wai don karatu mai kyau. Bai nemi shawarar kowa ba, doka ta ba shi. Suyun ta koma wurin Lauya Pang, ta ce mata ana iya ƙalubalantar takardar gidan a kotu, tunda da yaudara aka karɓa. Suyun ta tambaye ta ko hakan zai dawo da yaron. Lauyar ta ce ba zai dawo da shi ba. Ɗakin rumfar ma da aka yi mata alkawari, aka ce an zuba taki a ciki. Ta ɗaure kayanta a bargo biyu ta koma ƙauyen su Qiao, wurin ƙaninta, inda aka ba ta gado a ɗakin ajiya.

Dab da sabuwar shekara aka yi bikin Dajun a gidan bulo na bakin kwalta. An manna jajayen takardu a kan ƙofar da farin makoki bai daɗe da sauka ba. Kaka na Uku ya zauna a kujerar girma, aka fara zuba masa giya. Gari duk ya zo, an ci nama, an yaba tagogin gilas, ba wanda loma ta tsaya wa a wuya. In ka tambaye su za su ce maka ba a karya doka ba, ba a kuma saɓa al'ada ba.

A ranar aka ɗauko Huzi daga makaranta, don hutu ya zo. Ya sauka daga babur ya ruga ciki da jakarsa a baya. Ya leƙa ɗakinta ya ga gadon amarya. Ya leƙa madafa ya ga baƙin mata. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa cikin hayaƙin wasan wuta, duk wanda ya zo wucewa sai ya riƙe masa riga.

"Ina Mama?" yake tambaya. "Ai na ce a'a."